Amsa kan kwatanta rukuni biyu idan mutuwa kan riga dashen ƙoda

Malam, ka ce kana bibiyar masu wankin ƙoda, masu ciwon sukari da waɗanda ba su da shi, don ka ga wane rukuni ya fi samun dashen ƙoda, kuma wasu sun rasu kafin a yi musu dashen. Ka tambaya ko Kaplan-Meier (hanyar ƙiyasta yiwuwar aukuwar abu a tsawon lokaci) da gwajin logrank (mai kwatanta rukunoni kan saurin aukuwar) sun wadatar.

A aikin da na daɗe ina yi kan bayanan marasa lafiya, kuskuren da na fi gani shi ne a lissafa mamaci tamkar wanda aka daina jin ɗuriyarsa. Wanda ya ɓace wa bibiya yana iya samun dashe a wani wuri, amma wanda Allah Ya yi wa rasuwa ba zai taɓa samu ba. Kaplan-Meier ba ya bambance su, shi ya sa yake kumbura yiwuwar samun dashe fiye da gaskiya. Don zana lanƙwasar tarin aukuwa, wato zanen da ke nuna kason da suka samu dashe yayin da lokaci ke tafiya, ka yi amfani da hanyar Aalen-Johansen ta 1978.

Batun gwaji kuwa ya danganta da abin da kake nema. Logrank da tsarin Cox na 1972 suna auna saurin samun dashe a tsakanin waɗanda ke raye kuma ba a yi musu ba tukuna. Gwajin Gray na 1988 yana kwatanta kason da suka samu dashe a kowane rukuni. Idan masu ciwon sukari sun fi saurin mutuwa, kason da suka samu dashe a cikinsu zai ragu ko da likitoci ba su fifita kowa ba, sai Gray ya nuna bambanci alhali logrank bai nuna ba, kuma dukansu biyu gaskiya suka faɗa.

Tsarin Fine da Gray na 1999 yana ba da damar shigar da shekaru da jinsi, sai dai yana barin mamata cikin lissafin waɗanda za a iya yi wa dashe, don haka kada ka fassara adadinsa a matsayin saurin aukuwa. Ni shawarata, ka kawo sakamakon dashe da na mutuwa gefe da gefe ta hanyoyin biyu, wato ta saurin aukuwa (logrank da Cox) da ta kaso (gwajin Gray da tsarin Fine da Gray). A manhajar R, umarnin cuminc da ke cikin kunshin cmprsk zai ba ka lanƙwasar da gwajin Gray tare, muddin ka sa 0 ga wanda bibiyarsa ta katse, 1 ga dashe, 2 ga mutuwa.