Shin Doka Ta Amince Da Yin Alkafura Kafin Jefa Ƙwallo?

Ɗan'uwa, ka ce a wasan unguwa da kuka buga a Ƙofar Marusa, alƙali ya hura usur bayan wani yaronku, da zai jefo ƙwallon da ta fita ta gefen fili, ya dafa ta a ƙasa, ya yi alkafura, sannan ya cilla ta har gaban raga, kuma kana son sanin ko alƙalin ya yi daidai.

Alkafura a kanta ba laifi ba ce. Doka ta 15 cikin dokokin IFAB, hukumar da ke tsara dokokin ƙwallon ƙafa, tana duba yadda ɗan wasa yake ne a daidai lokacin da ƙwallo ta bar hannunsa: ya fuskanci fili, wani ɓangare na kowace ƙafarsa ya kasance a kan layin gefen fili ko a ƙasa bayan layi, kuma ya jefa da hannu biyu daga bayan kansa ta saman kai, a wurin da ta fita. Idan yaron ya cika waɗannan, jifarsa halastacciya ce.

Inda ake yawan faɗawa kuskure shi ne wajen dira, domin ƙarfin juyin yakan sa mutum ya saki ƙwallo ƙafa ɗaya na sama, ko ya zarce cikin fili gaba ɗaya, kuma a nan sai a ba abokan hamayya jifar. Watakila abin da alƙalinku ya gani ke nan.

A gasar cin kofin duniya ta 2018, Milad Mohammadi na Iran ya fara alkafura a wasansu da Sifaniya, amma ya fasa sakin ƙwallon.

Abin da ya fi damuna shi ne filayenmu na tsakuwa. Don Allah ku fara koya wa yaron a kan yashi mai laushi, saboda wuyansa da wuyan hannunsa.