Tambaya da Amsa: Aljanun Sikotilan da Masu Sayar da Iska a WhatsApp

Anti, 'yata mai shekara 15 ta matsa min lamba in saya mata wani littafin Turanci, wai labarin yarinya ce da wani aljanin teku a Sikotilan. Wallahi hankalina bai kwanta ba. In saya? (Wata uwa daga Kaduna)

Hajiya, kwantar da hankalinki, yarinyar da ke roƙon littafi a zamanin nan abin godiya ce. Wannan aljanin da ta faɗa miki, mutanen tsibiran Orkney da Shetland suna ce masa selkie. A tatsuniyarsu dabbar teku ce mai kama da ayu, idan ta fito gaɓa sai ta tuɓe fatarta ta zama mutum. Masunci ya ɓoye fatar, ya aure ta, har su haihu, ranar da ta gano inda fatar take kuwa ta koma ruwa ba waiwaye. Tatsuniya ce, kuma yarinyar da ta san tauhidinta ba za ta ruɗe da ita ba.

Inda nake so ki sa ido daban ne. Da yawa daga cikin sababbin littattafan nan na tsafi da soyayya don manya aka rubuta su, akwai batsa a fili a ciki, alhali bangon furanni ne da takobi, ba abin da zai nuna miki. Ki duba ko an rubuta YA, wato na matasa, duk da shi ma ba tabbas ba ne. Kafin ki biya, ki buɗe daga tsakiya zuwa ƙarshe ki karanta shafi kaɗan, don a nan ake ajiye irin wannan. In Turancin zai ba ki wahala, ba wa malamar makarantarsu ta duba miki.

Wani a WhatsApp ya ce in turo naira 4,000 ya ba ni littattafan aljanun Sikotilan guda 50 a waya. Ai araha ce ko? (Wani ɗalibi daga Zariya)

Ƙanena, araha ba ta ado. Bari in faɗa maka abin da ke cikin buhun nan tun kafin ka buɗe shi.

Kaso mai yawa tsofaffin littattafai ne da suka daɗe da zama na kowa. John Francis Campbell ya bi ƙauyukan yammacin Sikotilan yana tattara tatsuniyoyi daga bakin masu jin harshen Gaelic, aka buga su mujalladi 4 tsakanin 1860 da 1862 da sunan Popular Tales of the West Highlands. Robert Kirk, wani limamin coci a Aberfoyle, ya rubuta nasa a kan aljanu wajen 1691. Irin waɗannan suna nan kyauta a shafin intanet na Internet Archive, kuɗin data kawai za ka kashe. Mutumin naka saukewa ya yi, ya canza musu suna, ya ɗora maka farashi.

Wasu kuma na sata ne. Marubuciya ta yi shekaru tana wahala, wani ya kwafe ya zuba a guruf. Mu da muke ganin yadda marubutanmu na Hausa ke kuka, sun sa littafi a kuɗi yau, gobe ya zagaye gari kyauta, bai kamata mu riƙa ciyar da ɓarayin ba don kawai mai littafin Baturiya ce.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne kaso na uku, waɗanda ba mutum ne ya rubuta su ba, manhaja aka sa ta zubo su, aka liƙa hoton wani ƙato sanye da zanen 'yan Sikotilan a bango. Gane su ba wuya. Sunan jaruma ya canza a babi na biyar, magana ɗaya ta yi ta dawowa, marubucin kuwa ko ka neme shi a intanet ba ka ganin ko inuwarsa. Kuma masu haɗa su ba su san ƙasar ba. Kelpie a wurin mutanen can dokin ruwa ne, yana tsayawa bakin rafi kamar mai jiran mahayi, wanda ya hau sai ya manne a bayansa, ya nutse da shi. Har gumaka biyu na kan dokin suka gina a garin Falkirk, tsayin kowanne mita 30. Idan littafi ya mai da shi kyakkyawar budurwa mai fukafukai ba tare da wani dalili ba, wanda ya haɗa shi bai taɓa jin labarin ba.

Kuma duk fayil ɗin da aka turo maka ya ƙare da apk, manhaja ce ba littafi ba, kada ka taɓa shi. Littafi ba ya neman izinin karanta saƙonninka, a wayar da bankinka ke turo maka lambar sirri. Na takarda ma ba su tsira ba: wanda ake miƙo maka ta tagar mota a cunkoso, ka buɗe shi, takarda shara-shara har rubutun baya na leƙowa, tawada ta dushe, gam na sakin shafuka tun ranar farko. Ka ƙirga lambobin shafi, sau da yawa za ka tarar an tsallake wasu.

Riƙe kuɗinka ka ci abinci.

Na ga ana tallar zobe mai dutsen tafkin Loch Ness, wai yana jawo farin jini. Nawa ya kamata in taya? (Wani daga Maraɗi)

Ko sisi. Malam, shahararren hoton nan na 1934 ma, na dodon da ake cewa yana cikin wannan tafki na Sikotilan, a 1994 aka tona cewa jirgin wasan yara ne aka ɗora wa kai. Masu tafkin ba su ga dodo ba, kai kuma za a kawo maka farin jini daga can har Maraɗi? Ka nemi sabulu da turare, ka gyara halinka.

Ina son irin labaran nan amma kuɗina kaɗan ne, Turancina ma ba wani mai ƙarfi ba. Da wanne zan fara? (Wata daga Kumasi)

'Yar'uwa, kada ki yi odar sabo daga waje, kuɗin kawowa kan fi na littafin. Ki leƙa wurin masu gwanjon littattafai tukuna. Ki fara da labarin Tam Lin, tsohuwar waƙa ce daga kudancin Sikotilan, gajera, kuma kyauta take a intanet. Asalin baitocin da karin harshensu ne mai wuya, saboda haka ki nemi wanda aka sauƙaƙa cikin zube. Wata budurwa Janet ce ke ƙwato masoyinta Tam Lin daga sarauniyar aljanu: ta fizgo shi daga kan farin doki, aka yi ta rikiɗa shi a hannunta, ya zama maciji, ya zama zaki, ya zama jan ƙarfe, ta ƙi saki. Sai dai ki sani tana da ciki kafin aure a labarin, don haka ki karanta ke kaɗai kafin ki miƙa wa ƙannenki.