Babur nawa ne, aike na kamfani: wa zai ɗauki asarar?

Tambaya: Barista, ina aiki da wani kamfanin takin zamani da maganin feshi a Birnin Kebbi. Da babur ɗina nake zagaya dillalanmu a Jega, Argungu da Kalgo, ana ba ni kuɗin mai duk mako. Kwana biyar ke nan da na bankaɗe wani mai kurar ruwa a hanyar Jega. Ya ji ciwo, ni na karye a ƙafa, babur ya ragargaje. Manaja ya ce tunda babur nawa ne, babu ruwan kamfani. Haka doka ta ce?

Amsa: Sannu Malam, Allah ya ba ku lafiya kai da shi. Maganar manajanka ba ta da tushe. Alƙali ba zai tsaya kan sunan da ke takardun babur ba, abin da zai fara tambaya shi ne: aiken wa kake yi lokacin da tsautsayin ya faɗa?

Mu fara da ƙafarka, don ita ce lokaci ke ƙure wa. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa a asusun NSITF, hukumar gwamnatin tarayya mai biyan diyyar ma'aikata. Daga aljihunsa zai biya, an hana shi cirewa daga albashinku. Wannan asusu ne ke ɗaukar magani da diyyar wanda ya ji rauni a bakin aiki, ko na dindindin ne ko na wucin gadi. Dokar ta haɗa har da hatsarin da ya samu mutum tsakanin gidansa da wurin aiki, balle kai da aka aika. Sai dai kwana 14 gare ka ka sanar da kamfani, su kuma kwana 7 su kai rahoto ga hukumar, neman diyyar kuwa cikin shekara guda. Biyar sun riga sun tafi. Rubuta takarda yau, a buga maka hatimin karɓa a kan kwafinka. Faɗa wa manaja da baki ba ya zama shaida gobe.

Na san mutanenmu, da an ji karaya sai a nufi Aliero wajen masu ɗori. Ban hana ka ba, sun iya aikinsu. Amma fara biyawa asibiti a ɗauki hoton ƙashi, likita ya rubuta rahoto, domin da takardar likita ake lissafin diyya.

Sai mai kurar ruwa. Idan sakacinka ne ya jawo, yana da damar ya kai ƙararka, ya kai ƙarar kamfani, ko ya haɗa ku duka, domin ƙa'ida ce tsohuwa cewa ubangida na ɗaukar ɓarnar da yaronsa ya yi cikin aikin da ya sa shi. Inda kamfani ke zillewa shi ne in ya nuna ka bar aikensa ka shiga sabgarka, misali an tura ka Jega ka zarce Yawuri gaisuwar surukai. Saboda haka kada ka goge saƙon WhatsApp da aka tura ka da shi, ka adana rasidan dillalan ranar da shaidar kuɗin man da ake ba ka. Kuɗin man nan kaɗai ya isa ya nuna da saninsu kake hawa babur ɗinka don aikinsu.

Duba takardar inshorarka ma. Inshorar dole ta abin hawa, mutumin da ka yi wa ɓarna take biya, ba ta gyara babur ɗinka. Wata kuma an rubuta a jikinta cewa don zirga-zirgar kai ce kawai, ban da kasuwanci, kuma kamfanin inshora kan fake da wannan. In takardar ta bakin tasha ce, wato ta bogi, ka san babu abin da za ta haifar.

Babur ɗin ne inda ba zan yi maka daɗin baki ba. Hukumar NSITF rauni da mutuwa take biya, ba ƙarfe ba. Gyaransa ya rataya ne kan yarjejeniyarku. In takardar ɗaukar aikinka ta ambaci gyara, ko kamfani ya taɓa gyara wa wani abokin aikinka nasa, kana da abin riƙewa. In babu, sai lallami da neman sulhu.

Rubuta wa shugaban kamfanin kansa, ba manaja ba, ka jera kuɗin magani da na gyara, ka tambaya ko sun yi rajista da NSITF. Rashin rajistar laifinsu ne, kuma kana iya kai kokenka ga hukumar kai tsaye. In sun toshe kunne, rikicin ma'aikaci da mai ɗaukar aiki hurumin Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ne, tana da reshe a Sakkwato. Amma lura, doka ta ce zaɓi ɗaya za ka yi a kan raunin: ko diyyar hukuma ko ƙarar kamfani. Kada ka sa hannu kan kowace takardar sulhu, ko a gaban mai unguwa ko a ofishin 'yan sanda, sai lauya ya karanta ta, kuma a tabbata sunan kamfani na cikin masu biyan mai kurar ruwa.