Ɗana, labarin da ka ɗauko yana da mai shi

Ɗana, saƙonka ya iso, kuma na ji daɗi da ka tambaya kafin ka aikata. Ka ce kana rubuta labarin fim ɗinka na farko, ƙashin bayansa daga wani fim ɗin Koriya ka ɗauko shi, abokanka kuma sun ce ba sai ka faɗa ba, wai a al'adarmu labari ba shi da mai shi, Indiyawa ma haka suke yi. Ka ƙara da cewa hatta kamfanonin motocin Amurka da kuɗin jama'a aka ceto su, don haka babu babban da bai tsaya da kayan wani ba. Kana so ka ji ko al'ada ta yarda. Ba ta yarda ba.

Abin da suka faɗa game da Indiyawa ba ƙage ba ne. Fim ɗinsu Kaante na 2002 daga Reservoir Dogs na Amurka aka kwaso shi, Zinda na 2006 daga Oldboy na Koriya, Partner na Salman Khan a 2007 daga Hitch na Amurka. Amma wanda ya fi tsaya mini a rai namu ne na Afirka. Mory Kanté, mawaƙin Gini, ɗan gidan maroƙa ne tun kaka da kakanni, ya fitar da waƙarsa Tama a 1987. Ba a daɗe ba sai ga karinta a finafinan Indiya biyu: Thanedaar na 1990 da Hum na Amitabh Bachchan a 1991. Sunayen da aka rubuta a matsayin masu kiɗa su ne Bappi Lahiri a na farko, Laxmikant da Pyarelal a na biyu. Mu nan muka yi ta sauraron waƙoƙin a kaset, masu shayi suna ƙure murya, matasa suna kwaikwayon rawar, muna cewa kai, Indiyawa sun iya kiɗa, alhali abin daga maƙwabtanmu ya tashi, ya zaga ta Bombay ya dawo mana da sunan wani. Mory Kanté ya rasu a 2020, kuma har yau da yawa cikin masu rera karin ba su taɓa jin sunansa ba. Wannan ita ce ɓarnar, ɗana. Ba kuɗi kaɗai ake hana mutum ba, har sunansa ake binnewa.

Kada kuma ka ɗauka su Indiyawan sun mai da abin al'adar da suke alfahari da ita. Dama ce suka samu. Kotun Ƙolinsu ta yanke a 1978 cewa doka ba ta kare gundarin tunani, sai dai yadda aka tsara shi, masu fim suka fake da wannan, ga shi a lokacin kamfanonin Amurka ba su damu da kasuwar Indiya ba. Da suka shigo kasuwar sai zance ya canja. A 2010 kamfanin Fox ya kai masu fim ɗin Knock Out ƙara a Babbar Kotun Bombay kan cewa Phone Booth suka kwafa, sai da suka ajiye kuɗi a kotu aka bar fim ɗin ya fita. A shekarar ce Karan Johar ya fitar da We Are Family da izinin masu Stepmom, Aamir Khan ma da izini ya yi Laal Singh Chaddha a 2022 daga Forrest Gump. Hanyar da abokanka suke nuna maka, masu ita sun fara barinta.

To, zancen tatsuniya. Gaskiya ne, Gizo da Ƙoƙi ba na kowa ba ne. Amma ka tuna yadda kakarka take yi: ta shimfiɗa tabarma bayan sallar isha'i, ta ce ga ta nan ga ta nanku, ku ce ta zo mu ji ta. Ta taɓa cewa ita ta ƙirƙira? Ta taɓa karɓar ko kwabo a hannunku? Kowa ya san gado ne take miƙawa. Wanda ya rubuta sunansa a allon fim a matsayin mai labari, ya sayar, ya fita daga hurumin tatsuniya. Inda al'adarmu ta yi magana kan abin da yake da mai shi, a zauren malamai ne. Malami ba ya jin nauyin cewa wannan daga bakin malamina na ji, shi ma daga wane ya karɓa. Wannan ambaton shi ne darajarsa, wanda kuwa ya ɓoye malaminsa ana cewa karatunsa ba shi da albarka.

Maganar motoci kuwa ta fi zama hujja a kanka. A Nuwamba 2008 shugabannin General Motors da Ford da Chrysler suka je majalisar dokoki neman agaji cikin jiragen sama na alfarma, aka yi musu tatas a bainar jama'a, da za su koma a Disamba a mota suka tafi. Gwamnatin Bush ta ware wa General Motors da Chrysler dala biliyan 17.4, ta Obama ta ƙara, amma sai da shugaban General Motors, Rick Wagoner, ya sauka a Maris 2009, gwamnati kuma ta karɓi kusan kashi 61 cikin 100 na kamfanin. Da ta sayar da ragowar hannun jarinta a Disamba 2013, an bayyana asarar sama da dala biliyan 10. Ni ban gamsu da duk abin da aka yi ba, domin an rufe masana'antu, ma'aikata da yawa sun rasa abin yi. Sai dai an san wanda ya bayar, an san nawa ne, an san abin da ya dawo, wanda ya karɓa kuma ya sunkuyar da kai a gaban jama'a. Wa ya yi wa Mory Kanté irin wannan lissafin?

Saboda haka ka nemi masu fim ɗin Koriyan nan ka rubuta musu, ka nemi izini. Idan kuɗin ya fi ƙarfinka, ambaton suna kaɗai ba zai halatta maka kayansu ba, sai ka ajiye labarin ka gina naka daga abin da ka sani a unguwarku. In kuma wani abu ƙanƙani ne ya zaburar da kai, ka rubuta hakan a farkon fim, inda kowa zai gani. Ka turo mini abin da ka rubuta in karanta, ka gaishe da mahaifiyarka.