Tausa: wane zafi za a jure, wane za a ce a dakata?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗan kabu-kabu ne a Sakkwato. Idan na tashi aiki da dare kafaɗuna da ƙuguna duk a ɗaure suke, sai ƙanena ya yi mini tausa. Yakan ce sai ta yi zafi take aiki, amma washegari ciwon ƙaruwa yake. Ina matsalar take?
Mai karatu daga Mabera

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ƙanenka yana da ƙarfin hannu, amma ma'aunin a jikinka yake, domin kai kaɗai ke jin abin da dannawar take yi. Tsoka idan aka matsa mata fiye da kima ƙanƙamewa take yi don kare kanta, shi ya sa kake tashi da tsamin jiki.

Kafin ya taɓa ka, kwanta rubda ciki, ka ja numfashi a hankali kamar sau 5, ka bi jikinka da hankali daga wuya zuwa ƙugu. Nuna masa wurin da yatsa, ka kuma faɗi irin ciwon: nauyi ne, suka ce, ko ɗauka yake kamar lantarki? Ya murza man kaɗanya cokalin shayi ɗaya a tafinsa, ya shafa sama-sama na minti 3 har wurin ya yi ɗumi. Sannan ya ɗora babban yatsa kan ƙullin, wato inda tsokar ta dunƙule, ya riƙe daƙiƙa 20 zuwa 30, a gefen ƙashin baya, ba a kansa ba. Minti 15 ya wadatar.

Ku ƙiyasta zafin daga 1 zuwa 10, kada ya wuce 6. Idan ka kama kanka kana riƙe numfashi, kana cije haƙora ko naɗe yatsun ƙafa, ya zarce, ko da bakinka bai ce komai ba. Jurewa a nan ba jarunta ba ce. Al'adar sa yaro ya taka baya kuwa ba ma goyon bayanta, don ƙafa ba ta jin abin da take dannawa kamar yadda hannu ke ji.

Tsami na kwana 1 zuwa 2 ba komai. Amma idan ciwon yana harbawa zuwa ƙafa, ko ƙafar tana minjirya ko sagewa, mai yiwuwa alama ce ta jijiya a danne. Bar tausa, ka je sashen gashin ƙashi na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A kan babur ma ka riƙa lura kada ka ɗage kafaɗu ko ka damƙe kan mashin da ƙarfi.

TAMBAYA: Ina jego mako 2. Sha-raɓar ƙafata ta hagu ta kumbura, tana zafi. Inna ta ce a gasa da ruwan zafi a murza. In yarda?
Wata daga Runjin Sambo

AMSA: Barka da arziki, Malama, amma ki ba Inna haƙuri, kada a murza. Kumburi a ƙafa ɗaya tare da ɗumi da ciwo yana iya zama gudan jini a jijiya, kuma makonni 6 na farko bayan haihuwa ne haɗarinsa ya fi yawa. Murzawa na iya ɓalle gudan ya tafi huhu. Ki je asibiti yau a yi miki hoton ƙafar. Idan numfashi ya fara sarƙewa ko ƙirji na suka, a wuce da ke sashen gaggawa nan take.