Me ya sa nake fara gudun motsa jiki in watsar?

Ka ce duk sanda ka fara gudun motsa jiki ba ka kai mako biyu sai ka watsar, kana tambaya ko lalaci ne. Ni dai ban ga lalaci a nan ba, ɗan'uwa. Yawancin masu watsarwa da ƙarfi suke farawa. Ranar farko mutum ya zura a guje kamar an biyo shi, bayan minti biyar yana haki, gefen ciki na suka. Washegari cinyoyi sun yi tsami, ko saukowa daga matakala sai ya dafa bango. To wa zai so ya koma? Tsamin nan yakan fi tsanani kwana ɗaya zuwa biyu bayan gudun, sannan ya lafa da kansa.

Ni ma sau uku ina jingine takalmin kafin na gane. Sassarfa ce ta riƙe ni: minti ɗaya gudu, minti biyu tafiya, kwana uku a mako. In ba ka iya magana kana gudu, saurin ya yi yawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba na buƙatar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 na mai ƙarfi irin gudu. Ka ga minti 25 sau uku ya wadatar. Wasu don rage ƙiba suke fita, sai sikeli ya ƙi motsi su yi zuciya. Ni barci mai daɗi ne ya hana ni dainawa.

Amma in kana jin ciwon ƙirji ko jiri, tsaya ka ga likita tukuna.