Kyanwata Na Yawo Da 'Ya'yanta A Baki

TAMBAYA: Salamu alaikum, dan Allah kyanwata ce ta haihu, amma kullum sai ta cafko wuyan 'ya'yan da baki ta canza musu wuri, ga yawan lasar bayansu, wallahi tsoro nake kar ta cinye su. Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, kwantar da hankalinki, lafiya lau ne. Idan ta ga ana yawan leƙe ko taɓa su ko hayaniya ta yi yawa to dole ta nemi lungu mai duhu, kuma in kin lura da ta kama fatar ƙeyar ɗan sai ya yi laƙwas ya naɗe ƙafafu, ba ya jin ciwo.

Lasar nan kuwa ita ce ma babban aikin, don jariran ba sa iya fitsari ko kashi da kansu sai wajen sati 3, harshenta ne ke motsa su. Ido ma sai kwana 7 zuwa 10 yake buɗewa, ɗumin jiki daga nata suke samu.

Ki ajiye mata kwali da tsumma mai tsabta, ki hana yara damunta, kar a raba su kafin sati 8. Amma fa in ta ware ɗaya ta ƙi ba shi nono, jikinsa yai sanyi yana ta kuka, maza sai likitan dabbobi, kuma dan Allah ban da madarar shanu, zawo take sa su.